Kana son koyon Sifaniyanci a Sifaniya? To, da zangonka za ka tafi?

In kana yawan zaga TikTok da Facebook, da wuya ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba. Saurayi ko budurwa a bakin teku, ko a gaban filin wasa na Bernabéu, ana ta murmushi, a ƙasa an rubuta cewa ka zo Sifaniya ka zauna da mutanen ƙasar, cikin wata uku ka iya harshensu. Sai ka ga matasanmu na Wurno da Rabah da Goronyo sun cika wurin da tambaya: nawa ne kuɗin, wa ke yin biza, a turo lamba. Ni dai ban ga laifin mai wannan sha'awa ba. Wanda ya shekara goma yana biyan kuɗin gidan kallon ƙwallo don ya ga Madrid da Barcelona, in ya ce yana son jin abin da ƴan wasa ke faɗa ba tare da tafinta ba, ai bai yi sabo ba.

Kuma harshen ya cancanci a wahala a kansa. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a bakinsu, ƙasashe 20 ne ke aikin gwamnati da shi, daga Meziko zuwa Ajantina, har da ɗaya a nan Afirka da za mu zo kanta. A Amurka ma miliyoyin mutane da shi suke magana a gida. Maganar tallan kuma akwai gaskiya a cikinta: harshe a bakin mutane ake ɗaukarsa. Abin da tallan bai gaya maka ba shi ne, Bahaushe yana da wata baiwa da ke iya hana shi koyon kowane harshe a duniya, ko da ya shekara ashirin a tsakiyar masu shi. Sunan baiwar nan zango.

Ka duba da kyau. Duk inda kakanninmu suka je fatauci sai sun kafa unguwarsu: Sabo a Ibadan, Agege a Legas, zangon Kumasi, Nima a Akara, unguwannin Hausawa a Sudan da Makka. Can za ka sami mai masauki, da limami, da mai tuwo, da wanda zai nuna maka inda ake samun aiki. Wannan tsari ya ceci rayuka, ya riƙe addini, ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa a rabin Afirka ta Yamma. Amma kai ma ka san dattijon da ya yi ci-rani shekara da shekaru a Kudu, ya dawo gida bai iya Yarbanci ba sai na ƙirgen kuɗi da gaisuwar safe. Ka kuma san yaron da ya je wata shida kacal yana yi wa wata Bayarabiya dako a kasuwar Mile 12, ya dawo yana zuba harshen har da karin magana. Mota ɗaya ta kai su, gari ɗaya suka sauka. Shi dattijon a zango ya kwana ya tashi, yaron kuwa in bai ji abin da uwar ɗakinsa ta ce ba, ranar ba zai ci abinci ba.

Irin wannan yana gabanka a gida. Ɗan kabilar Ibo mai shagon magani ko kayan gyaran babur a garuruwanmu, wace makaranta ya shiga ya iya Hausa, har da Sakkwatancin da ɗan Kano ke dariya in ya ji? Dole ce ta koya masa. Ba shi da zango, kuma mai sayen kaya ba zai jira shi ba.

Abin da ya sa na damu da ku matasan yanzu shi ne zangonku ya fi na kakanninku ƙarfi, don a aljihu yake. Da can in mutum ya fita unguwar Hausawa ya shiga gari, to ya fita ke nan sai dare. Kai kuwa za ka iya zama a tsakiyar birnin Granada, kunnenka toshe da waƙar Hausa, idonka a kan rukunin WhatsApp na ƴan ajinku, ka kira gida sau huɗu a yini, in za ka sayi burodi ka nuna wa mai shago fassarar Google a waya. A haka wata ukun zai ƙare, a dawo da hotuna masu kyau da kalma talatin. An sayar da gona ko shanu, an sayo hoto.

To bari mu yi maganar kuɗin, tunda shi ne masu tallan ke ratsewa. Bizar gajeren zama ta ƙasashen Shengen kwana 90 take bayarwa, kuɗin neman ta yuro 90 ne tun 2024, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. A 2024 kusan rabin ƴan Najeriya da suka nemi irin wannan biza an hana su. In karatun ya wuce kwana 90 sai bizar ɗalibi, ita kuma tana son ka nuna kana da abin da za ka ci da kanka, wanda a ma'aunin gwamnatin Sifaniya ya kama yuro 600 a kowane wata. A canjin yanzu wajen naira miliyan ɗaya ke nan duk wata, ban da kuɗin makaranta da tikitin jirgi da inshorar lafiya. Ka lissafa buhun albasa nawa ne wannan a lokacin kaka, lokacin da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi. Ofishin jakadancin Sifaniya yana Abuja, ƙaramin ofishinsu yana Legas, su ke da ikon cewa e ko a'a. Duk ejan ɗin da ya ce maka shi yana da tabbacin biza, ka riƙe kuɗinka. Makarantar da za ka biya kuma ka duba ko tana cikin jerin waɗanda cibiyar Cervantes ta amince da su, wato hukumar da gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, wadda ita ke shirya jarrabawar DELE mai matakai shida daga A1 zuwa C2.

Hanyar gwamnati ma ta ƙuntata. A da akwai tallafin karatu na yarjejeniya tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, wanda ya kai ɗalibai wurare irin su Kyuba, inda mai karatun likita kan fara da koyon Sifaniyanci kafin ya taɓa littafin aikin asibiti. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta daina wannan shiri.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja: malam, kai kana maganar harshe, mu tsira muke nema. Wanda ya san abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, ranar da ƴan bindiga suka kashe mutum fiye da 40, ko ya ga mutanen ƙauyukan Gandi a Rabah suna kwana a makaranta da ƴaƴansu, ba zai tsaya yi wa saurayi wa'azin kishin gida ba. Akwai manoman da sai sun biya haraji ga ɓarayin daji kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. A irin wannan hali "zan je koyon harshe" sau da yawa sunan ladabi ne na "zan gudu". Ban isa in hana kowa neman inda zai kwana da ido biyu rufe ba. Abin da nake roƙo shi ne ka gaya wa kanka gaskiyar wacce kake nufi a cikin biyun, don shirinsu ba ɗaya ba ne, kuma dillalan hanyar sahara suna cin abinci ne daga wanda ya cakuɗa su.

Hanyar tasu ka san ta ko a labari: Agadas, Aljeriya, Maroko, sai katangar waya ta Ceuta da Melilla, garuruwa biyu na Sifaniya da ke a gaɓar Afirka. Ranar 24 ga Yunin 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a katangar Melilla, a ƙidayar hukumomin Maroko kansu. Ta teku kuma, ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙirga fiye da mutum 10,000 da suka mutu ko suka ɓace a 2024 a hanyar zuwa Sifaniya, akasarinsu a hanyar tsibiran Kanari. Waɗanda Aljeriya ta kama kuwa a sahara ake sauke su, su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka a Nijar. Wanda Allah ya tsallakar, ba takarda, galibi a rumfunan leda na Almeriya yake ƙarewa yana tsinkar tumatir da tattasai, ya kwana a bukka da ƴan'uwansa baƙi. Zango ne shi ma, sai dai babu mai masauki mai tausayi. Mutum na iya shekara biyar a wurin bai iya Sifaniyancin da ya wuce umarnin mai gona ba.

Akwai abin da ke taɓa ni game da Ceuta ɗin nan. Sunanta a littattafanmu Sabta, kuma a can aka haifi Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da zaurukanmu duk watan azumi. Ya yi alƙalanci a Granada. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda kakarka ke bi da baki ko ba ta san fassararta ba, mutumin Ƙurɗuba ne, garin da yau ake kira Córdoba. Ibn Malik mai Alfiyya, da duk ɗalibin nahawu ya sha wuyarta, a Jaén aka haife shi, garin zaitun. Wato malaman da suka zauna a Wurno tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke garin tun 1837, sun san Andalus ta hanyar littattafanta tun kafin a ƙirƙiro ƙwallon ƙafa irin ta yau. Jikokinsu kuma yanzu suna yanke hannu a kan wayar garin mai Ashafa. Wannan abu da ciwo yake.

Tarihin nan yana da amfani a aikace, ba na alfahari kawai ba. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar daga 711 zuwa 1492, kuma Larabci ya bar dubban kalmomi a Sifaniyanci, wasunsu irin waɗanda ya bar mana. Magajin gari a wurinsu alcalde ne, asalinsa ɗaya da alƙali namu. Sukari azúcar. Ofishin kwastan aduana, daga diwani, kalmar da ta bi ta Faransanci ta dawo bakin ƴan'uwanmu na Ƙwanni a matsayin duwan. In Basifaniye yana fatan wani abu ya faru sai ya ce ojalá, wadda ta samo asali daga faɗin in Allah ya so. Ban da wannan, bakinka a shirye yake fiye da na Bature ɗan Ingila. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin r mai kaɗawa da ke ba Turawan Ingila wuya, kai da shi ka tashi. Suna raba kalmomi namiji da mace kamar mu, kuma yawancin na mace da a suke ƙarewa, kamar dai mota da riga da gona. Inda za ka sha wuya shi ne aikatau, da ke sauya kama bisa mai yi da lokacin yi, sai kuma tsohuwar matsalarmu ta p da f. Puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa. In ka musanya su wajen tambayar hanya, Allah kaɗai ya san inda za a tura ka.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar fasfo. Wayar nan da na kira zango, ita ce kuma makaranta mafi arha in ka juya ta. Ka mayar da harshen wayar Sifaniyanci. Ka kalli wasan La Liga da sharhin ƴan ƙasar maimakon na Turanci, ka saurari hirar da ake yi da ƴan wasa bayan an tashi, ka maimaita da ƙarfi ko abokai za su ce ka zare. Na san matsalar sabis da wuta da kuɗin data a yankinmu, ban manta da lokacin da aka katse layukan waya a gabashin Sakkwato a 2021 ba, amma darasin da aka sauke a waya ba ya buƙatar sabis. In ka yi wata shida a haka kullum minti talatin ba ka gaji ba, to da gaske kake. In ka watsar a mako na uku, ka gode wa Allah da ka gane haka kafin a sayar da gonar gado. Wanda ya sauka ƙasar da ɗan abin da zai fara hira, mutane za su ja shi. Wanda ya sauka ba ko kalma, kunya da gajiya za su kora shi wurin masu jin harshensa tun makon farko.

Gwamnatin Najeriya ma ta san darajar zama cikin masu harshe. Da kuɗin tura ɗalibai waje ya gagara, sai ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992, don ɗaliban jami'a su je su zauna ana magana da harshen kaɗai. Na Sifaniyanci ba mu da shi. Amma maƙwabtanmu masu Faransanci, irin su Benin da Kodebuwa da Senegal da Kamaru, suna koyar da shi a sakandare, ɗalibansu dubban ɗaruruwa ne, kuma Cervantes tana da cibiya a Dakar. Malamin Sifaniyanci a Kwatano ya fi na Madrid sauƙin kaiwa nesa ba kusa ba.

Sai ƙasar da na ce za mu zo kanta, Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami ƴanci daga Sifaniya a 1968. Birnin Malabo yana kan tsibirin Bioko, kudu da Kalaba, kuma da Sifaniyanci ake karatu da aikin ofis. Ƴan Najeriya sun daɗe da sanin wurin. Dubbai sun yi ƙwadago a gonakin koko lokacin ana kiran tsibirin Fernando Po, har mutanen Kudu suka laƙaba masa suna Panya, daga España, kafin azabar mulkin Macías Nguema ta sa Najeriya ta kwaso mutanenta a tsakiyar shekarun 1970. Ba ta cikin ECOWAS, don haka sai da biza, rayuwa kuma da tsada. Sannan tarkon da muke magana yana can yana jira: akwai Hausawa ƴan kasuwa da masallatansu, akwai kuma Pichi, wani Turancin buroka da ɗan Najeriya zai kama cikin kwana kaɗan. Kana iya shekara a Malabo da Hausa da buroka ba ka taɓa buƙatar Sifaniyanci ba.

In kuma Allah ya hore maka ka isa Sifaniyar ta halal, to zaɓin gari ma aiki ne. A Barcelona za ka ji Katalanci a makaranta da kan allunan titi, a San Sebastián, inda ɗan Kaduna Umar Sadiq ya buga wa Real Sociedad, akwai harshen Basko wanda bai haɗa dangi da Sifaniyanci ba. Ƙaramin gari inda ba mai jin Turanci ya fi maka babban birni. Zama a gidan ƴan ƙasa shi ne ya fi saurin buɗe baki, amma ka shiga da shiri. Naman alade yana cikin abincinsu sosai, don haka cerdo da jamón da manteca su ne kalmomin da za ka fara haddacewa, ka kuma gaya wa masu gida tun kafin ka iso abin da kake ci da wanda ba ka ci. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare tara ko goma, kuma a kan teburin nan ake hirar da ka biya kuɗi don ka ji. In ka ɗauki kwanonka ka shige ɗaki, ka yi asara. Gaisuwarsu tsakanin mace da namiji ta haɗa da sumbatar kunci. Ke ƴar'uwa, da kai ma, kuna iya dafa ƙirji ku yi murmushi ku faɗi dalili da harshensu, yawanci za a fahimta, kuma bayanin kansa darasi ne. Musulmi sun haura miliyan biyu a ƙasar, masallatai suna nan, har da wanda aka buɗe a unguwar Albaicín ta Granada a 2003, yana kallon fadar Alhambra. Ba a ce ka bar sallarka ko tarbiyyarka don ka iya harshe ba. Wayarka ce za ka yi wa ƙa'ida: kiran gida sau ɗaya a yini, sauran lokacin na mutanen garin ne.

Abu na ƙarshe da zan tsaya a kansa, wanda a ganina ya fi duk sauran: me za ka yi magana a kai? Yaron Mile 12 ya iya Yarbanci ne don akwai kaya a kansa da ciniki a gabansa. Mai zuwa "koyon al'ada" hannu rabbana, bayan ya faɗi sunansa da ƙasarsa da ƙungiyar da yake goyon baya, hira ta ƙare. Kai kuwa ɗan Wurno ko Goronyo kana da abin faɗa, ba ka dai ɗauke shi a bakin komai ba ne. Ka tashi a fadamar Rima, ƙarƙashin dam ɗin Goronyo mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ka san shinkafa da albasa da tafarnuwa tun kana bin babanka da buta. Sifaniya ita ce kan gaba wajen noman tafarnuwa a Tarayyar Turai. Akwai wani gari, Las Pedroñeras a lardin Cuenca, da tafarnuwarsa mai jan ɓawo ta yi suna a duniya, har bikin baje kolinta suke yi duk shekara. Almeriya ƙasa ce busasshiya, amma da ban-ruwa na ɗigo take ciyar da Turai kayan miya. A Valencia har yau manoma na da kotun rabon ruwa da ke zama duk Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin, da baki ake shari'ar ba takarda, kuma sunan magudanar ruwan gona a wurinsu acequia, daga Larabci. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar kwana ruwa tsakanin na sama da na ƙasa a fadamarmu zai gane abin da ake yi a kotun nan tun kafin a fassara masa.

Wanda ya je da wannan a kansa, neman gurbin karatun noma ko horon ban-ruwa yake yi, harshen kuma ya zama abin aiki. Takardarsa ta neman biza tana da ma'ana a idon mai dubawa, kuma in ya zauna da manomin Cuenca akwai tambayoyin da shi ma yake ƙishirwar jin amsarsu: yaya kuke busar da ita, a wane irin ɗaki kuke ajiye ta ta kai wata da watanni ba ta ruɓe ko ta tsiro ba, wa ke sa farashi, manomi ko dillali, yaya ƙungiyarku ta manoma ke sayarwa ƙasashen waje? Mu da kayanmu ke lalacewa a rumbu duk shekara, mu sayar da arha a kaka mu saya da tsada da damina, amsar kowace ɗaya a cikin tambayoyin nan kuɗi ce. Tafarnuwa a harshensu ajo ce, ana furta ta kamar "aho". Albasa cebolla, shinkafa arroz, ruwa agua. Ka rubuta su a bangon ɗakinka yau, gobe ka nemo yadda ake cewa "nawa ne buhu".